Inda Dogo Zai Fuskanta

Talata, da hantsi

Na zama kaka. Mace ce, an haife ta jiya kafin rana ta faɗi, kuma duk mai cewa jarirai kamarsu ɗaya bai ga wannan ba. Hancin kakarta ta ɗauko, da dogayen yatsun ubanta. Da ungozoma ta ɗora mini ita a hannu sai na rasa yadda zan yi. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina ɗaukar bulo da buhun siminti, abin da bai kai nauyin cebur ba ya nemi ya gagare ni. Ƙanwata, wadda kowa a gidan nan yake kira Gwaggo, ta ce, "Zauna, tsoho, kafin ka yar mana da ita. Ba bulo ba ce."

Na raɗa mata nawa sunan: Uwargida. Tun da kakarta ta rasu kujerar take babu kowa, yanzu ta sami mai ita. Sunan gaskiya kuwa sai ubanta ya zo. Surukata ta ce sun riga sun zaɓa su biyu, amma shi zai faɗa da bakinsa a gaban jama'a ranar da za a miƙa yarinyar ga Ubangiji a coci.

An kira Dogo a waya. Shi kaɗai ne ɗan da Allah ya bar mini, yana gyaran injinan ban ruwa a gonakin hayin kogi. Surukata ta kara masa wayar a bakin yarinyar, ta ce da ya ji kukan sai ya yi ta dariya ya kasa magana. Zai biyo jirgin ruwan gobe da safe.

Malamarmu ta ajin yamma takan ce mu riƙa rubuta abin da ya same mu don kada hannu ya manta. Na daɗe ban sami abin da ya cancanci tawada ba sai yau.

Laraba, da azahar

Ruwa ake yi tun asuba. Na sa wa ƙofar ɗakinsu mai don ta daina ƙara tana tada Uwargida. Na goge kujerar da zai zauna ya riƙe ta.

Bai iso ba tukuna. Wayarsa ba ta shiga.

Laraba, da yamma

Na ga mutane suna gudu zuwa mashigin jirgi, na bi su. Ba zan rubuta abin da ake faɗa a can ba, kowa da irin nasa. Kogin ya cika ya yi ja.

Uwargida tana nan lafiya. Ta yi atishawa, Gwaggo ta yi dariya, sai ta tuna ta daina.

Alhamis, da yamma

Bai iso ba.

Asabar, da hantsi

Sun jera waɗanda aka tsamo a rumfar masu jiran jirgi, an rufe su da zannuwa da tamfol. Ɗan sandan da ke wurin ya ce in zo in duba. Ban buɗe fuskar kowa ba. Na bi layin daga farko zuwa ƙarshe ina duban tsawo kawai. Magini ba ya neman abin awo kafin ya san tsawon ɗansa. Babu wanda ya kai.

Na dawo na ce wa surukata ba ya cikinsu. Ta ce, "To, Baba." Ta ci gaba da ba yarinyar nono tana kallon bango.

Ya iya ruwa. Ni na koya masa.

Lahadi, bayan sujada

Mai Ƙararrawa, abokina tun muna samari, ya zauna kusa da ni daga farkon sujada har ƙarshe bai tsokane ni ba. Mutumin da bai taɓa barin sanƙona ya huta ba. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan duk gaisuwar da aka yi ta yi mini a bakin ƙofa.

Cikin waɗanda aka tsamo akwai 'yan cocinmu, mai sayar da kalanzir da ƙanwar tela. Gobe za a sa su. Ni zan ja igiya.

Litinin, da hantsi

Tun da na bar gini ni ke kula da maƙabartar coci. Ba ni nake tona ba, akwai samari. Aikina in nuna musu inda kai zai kwanta da inda ƙafa za ta miƙe. Kai yamma, ƙafa gabas, domin ranar da aka busa ƙaho mutum ya tashi zaune fuskarsa tana kallon inda Ubangiji Yesu zai ɓullo. Haka na tarar ana yi, haka nake yi. Ba a bin rana da ido kawai, don ita mai yawo ce, da damina ta karkata hagu, da rani ta koma dama. Shi ya sa na sassaƙa alama a katangar gabas. Daga alamar nake jan igiya zuwa turke. Duk layin da na ja, ranar tashi kafaɗa za ta yi daidai da kafaɗa, ba wanda zai tare wa wani gani.

Can ƙarshe, gindin bishiya, matata take. Na bar wuri a damanta, nawa ne. Na bar wa Dogo wani a hagunta, amma shi na ɗauka sai na daɗe da zama ƙasa kafin a taɓa shi.

Yau igiyar ta yi ta kuɓuce mini. Samarin suka yi kamar ba su gani ba.

Laraba, da la'asar

Fasto ya zo. Yaro ne mai hankali, sa'an Dogo ne ma. Ya daɗe yana juya kofin shayi kafin ya ce, "Baba, dattawa suna ganin lokaci ya yi da za a yi addu'ar sallama."

Na ce, "Sallamar wa?"

Ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Ba a yin jana'iza babu mai ita. In ya turo ƙofar coci ya tarar ana rera masa waƙa, wa zai ba shi haƙuri, kai ko dattawa?"

Ya ce shi ma abin da yake roƙo ke nan, ya turo ƙofar. Ya yi mana addu'a ya tafi. Na ga labulen ɗakin surukata yana motsi.

Juma'a, da safe

Uwargida ta kama mini yatsa ta ƙi saki. Ƙarfi gare ta kamar mai ɗaure rodi. Cibiyarta ta warke, kumatunta sun fara cika, in ta ƙoshi sai ta yamutsa fuska kamar wadda aka kawo wa ƙara. Na ce mata, "Uwargida, ki yi haƙuri da mijin da kika samu, haƙora sun ƙare amma akwai ladabi."

Kunyar farin cikina nake ji. In zan yi mata waƙa sai in kai ta bayan ɗaki, wajen tankin ruwa, inda uwarta ba za ta ji ba. Ban san yadda abu biyu suke zama a ƙirji ɗaya ba tare da ɗaya ya kori ɗaya ba.

Lahadi, da yamma

Ban je coci ba. Na je mashigi. Ruwan ya fara ja da baya.

Alhamis, da azahar

Gwaggo ta dawo daga kasuwa ba ta sayo komai ba. Ta ja ni soro, ta ce wata mai sayar da kifi ta gaya mata cewa can ƙasa sosai, inda kogi ya yi kwana, masunta sun sami wani mutum a cikin ciyawar bakin ruwa sun binne shi. Ta ce mutumin dogo ne.

Na ce dogaye suna da yawa a duniya.

Ta ce, "Suna da yawa, yaya. Ka je ka gani."

Asabar, da yamma

Mun je ni da Mai Ƙararrawa. Mota ta kai mu iyakar inda take iyawa, sauran muka taka. 'Yan bukkoki ne a kan tudu, da taruna a shanye. Babbansu tsoho ne mai ido ɗaya, ya shimfiɗa mana tabarma, ya ba mu ruwa, bai yi gaggawa ba.

Ya ce sun jira ko wani zai zo nema, ba wanda ya zo, mutumin kuma ba ya jiruwa. Sun wanke shi iyakar yadda ya wanku, suka naɗe shi da sabon zanen matarsa. Ya ce fuska kam kada in tambaye shi. Rigar aiki ce shuɗiya a jikinsa, duk tabon baƙin mai. Ya ce ramin farko ya yi masa gajere, sai da suka ƙara.

Mai Ƙararrawa ya tashi ya koma bayan bukka.

Sai tsohon ya shiga ɗaki ya fito da 'yar leda a ƙulle. Ya ce a aljihun ƙirji suka same ta, an ɗaure bakinta tam, ruwa bai shiga ba. Na kwance. Safa ce ta jariri, rawaya, da kaɗan ta fi babban yatsana tsawo.

Suka kai ni wurin. Sun yi aiki mai kyau, sun tara ƙasa, sun dasa ƙaya kewaye saboda dabbobi. Na tsaya na daɗe. Sai bakina ya yi tambayar da ya saba yi: "Ina kansa?"

Tsohon ya nuna sama, wajen tudu. Ya ce sun sa kan a can ne don ko ruwa ya sake tasowa kada ya fara da fuskarsa.

Rana tana faɗuwa a kan kogin, daidai saitin ƙafafunsa. Kai gabas, ƙafa yamma.

Na gode musu. Na gode musu da gaske, Allah ya sani. Amma a hanya na ce wa Mai Ƙararrawa, "Ka ga yadda yake kwance? In aka busa ƙaho zai tashi ya ba Ubangiji baya, idonsa a kan ruwan nan."

Ya ce, "Kai dai ka gode an same shi."

Na ce na gode.

Lahadi, da safe

Na ba surukata ledar. Ba ta yi kuka mai sauti ba. Ta kai safar hancinta, ta daɗe a haka. Daga baya na ga ta wanke ta, ta shanya a igiyar tsakar gida tsakanin zannuwan yarinyar.

Uwargida tana nan lafiya.

Talata, da hantsi

Na yanke shawara. Zan ɗauko shi in kawo shi hagun uwarsa, in kwantar da shi daidai. Na je maƙabarta da sassafe na ja igiya a wurin, na kafa turke. Na yi wa kafinta maganar akwati, na ba shi tsawo daga kaina. Samarin da ke tona sun ce za su bi ni in na sa rana, ko da yake babbansu bai kalli idona ba.

Na ja wa baƙi layi, na ja wa mutanen da ko gaisawa ba ma yi. Ba zan bar nawa a juye ba.

Fasto ya ce ba a buɗe kabarin mutum sai da yardar matarsa. Na ce ai yarinyar kirki ce.

Laraba, da la'asar

Na same ta tana ninke kayan yarinyar. Na yi mata bayani a hankali, tun daga alamar katanga har zuwa wurin da na auna. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Baba, a'a."

Tun da ta shigo gidan nan ban taɓa jin kalmar a bakinta ba.

Na ce, "'Yata, ba ki ga yadda yake kwance ba."

Ta ce, "Kai ma ba ka ga yadda yake yanzu ba. Ni ina da fuskarsa ta ranar da ya tafi, yana cin burodi a tsaye yana cewa ya makara. Ba na so a kawo mini wata a akwati. Ruwa ya juya shi iya juyawa, Baba. Mutanen kirki sun kwantar da shi. Ba za a sake ɗaga shi ba."

Na ce abin da bai kamata ba. Na ce jiya-jiya ta san shi, ni na haife shi.

Ta ce, "Haka ne. Ni kuma ni zan yi ta amsa tambayar 'yarsa." Ta ajiye rigar da ke hannunta. "In ka tone shi, ranar da ya shigo garin nan ni da yarinyar mun fita. Ba rashin kunya nake maka ba. Ba zan iya ba ne."

Gidan iyayenta tafiyar yini ce a mota.

Alhamis, da yamma

Ba ta fito da yarinyar ba yau. Ina jin kukanta ta bango.

Asabar, da hantsi

Na sami Fasto yana share ofishinsa. Na tambaye shi kai tsaye: wanda aka kwantar a juye, yaya zai yi ranar tashi?

Ya ce, "Baba, zancen gabas al'ada ce mai kyau, amma ba doka ba ce. Waɗanda wuta ta ci fa? Waɗanda ruwa bai mayar ba? A rubuce yake cewa ko ruwa sai ya fito da nasa. Wanda ya iya tara ƙashi ya mayar masa da nama, juya mutum ne zai gagare shi?"

Na ce, "To, ni me nake yi a maƙabarta duk shekarun nan? Wasa da igiya?"

Ya ce ba wasa ba ne, ƙauna ce.

Na ce in ƙauna ce, me ya sa za a hana ɗana?

Ya ci gaba da shararsa. Maganarsa daidai ce, na sani, kunnena ya karɓa. Amma da na rufe ido sai in ga safiyar nan: kowa ya miƙe layi-layi, haske yana tahowa, matata ta waiga hagu ba ta ga kowa ba. Shi kuma yana can shi kaɗai a bakin kogi, ya juya baya, yana kallon ruwa, bai san an zo ba.

Lahadi, bayan sujada

An yi waƙar da matata take so, ta tashin matattu. Na buɗe baki ba abin da ya fito. Na gaskata, ban daina gaskatawa ba. Da ban gaskata zai tashi ba, me zai dame ni da inda ya fuskanta?

Mai Ƙararrawa ya raka ni gida. A hanya ya ce, "Kai ko a aljanna sai ka je da igiya ka ce kujerun sun karkace." Na yi dariya kaɗan. Sai ya ce, "Ka bar yaron nan ya huta, mai sanƙo."

Litinin, da yamma

Yayan surukata ya zo. Ya gaishe ni da ladabi, ya yi mini ta'aziyya, ya ce zai ɗan kwana biyu. Na ga an sauko da babbar jakar da ke saman kabad.

Na gaya wa samarin ranar Alhamis. Masuntan ba za su tambaye ni yardar kowa ba.

Talata, da safe

Kafinta ya aiko cewa ya yanka katako.

Na hango Uwargida ta taga. An sa mata safar. Ta yi mata yawa.

Laraba, da azahar

Zan rubuta wannan yadda ya faru.

Surukata ta fita tsakar gida wankin kayan tafiya, ta bar wa Gwaggo yarinyar. Gwaggo kuwa miya tana kan wuta, sai ta shigo ɗakina ta ɗora mini ita a gado. Ta ce, "Riƙe matarka, ka yi kallon ƙarshe tunda haka ka zaɓa."

Na kwantar da ita, fuskarta wajen bango. Idonta biyu, tana ta harba ƙafa cikin safar. Na yi mata magana, na tafa hannu, na kira ta Uwargida da duk muryar da nake da ita. Ko ta kula ni. Bangon take kallo kamar an rubuta mata wani abu a jiki.

Sai uwarta ta yi magana a waje. Ba da ita take ba ma, sabulu take tambayar Gwaggo. Yarinyar ta tsaya cak. Ta fara murɗa wuya, ta yi ja, ta yi nishi, har sai da ta kawo fuskarta wajen ƙofa, baki a buɗe.

Na ɗaga ta na juya ta, kai inda ƙafa take, fuska ga bango. Na jira. Uwarta ta ce wa yayanta ya miƙo mata bokiti. Yarinyar ta sake murɗawa, ta ɗaya gefen wannan karon, har ta samo inda muryar take.

Ina cikin juya ta kuma Gwaggo ta shigo da ludayi a hannu. Ta ce, "Me kake yi wa 'yar mutane kamar mai gasa masara?"

Na ce ta tsaya ta gani. Ta gani. Ta ce, "To, sai me? Uwarta ce. Yau ka fara ganin jariri?" Ta zauna a bakin gadon, ta gyara wa yarinyar safar da ta zame. Can ta ce, "Gado ta yi. Ubanta ya taɓa wayar gari yadda aka kwantar da shi? A sa kansa a matashi, da safe a tarar da ƙafa a matashin, kai yana lilo a ƙasa. Ka manta har katako ka buga masa a gefen gado? Ya hana?"

Na ce bai hana ba.

Ta ce, "Ga nauyin barci. Kai ka yi ta jijjiga shi kamar gawa." Ta dafe baki da ta ji abin da ta faɗa, sannan ta ci gaba. "Amma uwarsa ta taɓa zagayawa ta gabansa kafin ta tashe shi? Daga madafa take kira, sau ɗaya. Sai ka gan shi a bakin ƙofa yana murza ido."

Miyarta ta fara ƙauri, ta tashi da gudu. Ni na zauna da yarinyar har ta yi barci, fuskarta wajen ƙofa.

Laraba, da yamma

Na je na ce wa samarin babu tafiya. Babbansu ya sauke numfashi. Kafinta ya ce to katakon fa, dogo ne, ba kowa zai yi wa ba. Na ce ya ajiye, ni ma ba gajere ba ne.

Na tsaya a ƙofar surukata na ce, "'Yata, ki kwance jakar."

Ta ce, "Ka tabbata, Baba?"

Na ce, "Ban tabbata ba. Ki kwance dai."

Ta fito ta durƙusa za ta ba ni haƙuri. Na ce ta tashi, ni ne mai bayarwa.

Asabar, da yamma

Mun je, mu da Fasto da Mai Ƙararrawa da Gwaggo da 'yan mawaƙa kaɗan. Yayan surukata ya ɗauki buhun siminti a kafaɗa tun daga inda mota ta tsaya. Masuntan suka tsaya daga gefe, sun cire huluna.

Na kwashe ƙayar, na yi masa 'yar katanga da duwatsun bakin kogi, yadda yake kwance. Hannuna ya tuna aikinsa. Fasto ya yi karatu, aka yi waƙa. Iska tana kwashe muryoyin tana kai su kan ruwa.

Da aka zo kafa gicciye sai aka ga an manta ƙusa. Mai Ƙararrawa ya riƙe itacen biyu yana dube-dube. Igiyar tana aljihuna, ban san ma na taho da ita ba. Na fito da ita na ɗaure su, na zagaya, na sake zagayawa har ta ƙare. Na kafa shi wajen kansa, a kan tudu.

Surukata ta durƙusa da yarinyar a hannu, ta kai bakinta kusa da ƙasa ta faɗi sunan, a hankali, don ya riga kowa ji. Sannan ta ɗago ta ce, "Baba, gobe a coci kai za ka faɗa a madadinsa."

Dogo ya rasu. Ɗana ya rasu. Na rubuta.

Lahadi, bayan sujada

Na faɗi sunan. Muryata ta fita. Ta yi kuka da Fasto ya ɗaga ta, aka yi dariya, ni ma na yi. Sunan ya dace da ita, amma a wurina Uwargida ce.

Da muka dawo na zauna a kujerar da na goge masa. Ba wanda ya ce in tashi.

Talata, da sassafe

Na je wurin matata. Na cire turken da na kafa a hagunta, na cike ramin da ƙafa. Na gaya mata komai, har da safar. Na ce ranar nan in ta waiga ba ta gan shi ba kada hankalinta ya tashi, yana can bakin kogi, ya juye kamar yadda ya saba. Mai kiran ya san inda yake. In kuma ta ga ya yi nauyin barci, ta taya kira, ta san yadda take yi.

Har yanzu in na rufe ido ina ganin bayansa. Amma yanzu nakan ga wuyan ya fara murɗawa.

An aiko cewa tsohuwar mai wanki ta cika, jibi za a sa ta. Sai na nemi sabuwar igiya.